Ranar da Polde Ya Ɗauke Ni

Ƙarya na shirga wa 'yata Nevenka, kuma ko yau aka sake ba ni dama sai na maimaita. Ce mata na yi a gida za mu wuni ni da babanta, mu haɗa masa kayansa. Gari na wayewa kuwa na aske wa mijina Polde gemu, na sa masa kwat ɗinsa ta zuwa biki, na turo kekensa har bakin ofishin 'yan fansho na garinmu Velenje, inda bas ke jiran masu zuwa yawon tafkuna.

Ranar Litinin mai zuwa za a kai Polde gidan kula da tsofaffi. Nevenka ce ta yanke hakan. Tun bara da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, maganarsa ta koma kalma ɗaya-ɗaya, take zuwa daga Maribor duk mako tana duba mu tana girgiza kai. "Mama, ke ma fa kin tsufa, ba za ki iya da shi ba." Ni Zalka, da kowa a unguwa ya san bakina, har mai sayar da nama ke ɓuya in ya hango ni, ran nan gajiya ta ci ƙarfina na yi shiru. Ita kuwa ta ɗauki shirun nan ta mayar da shi amincewa.

Maƙwabciyata Fanika ce ta jawo tafiyar. Ta shigo wai aron sukari, alhali gulma ta kawo ta, tana ba ni labarin 'yan fansho za su tafkunan Bohinj da Bled ranar Asabar. Sai Polde ya buga teburi da hannunsa mai lafiya har cokula suka yi tsalle.

"Bled," in ji shi.

Na san abin da yake nufi. A ofishin hukuma aka ɗaura mana aure, don a wancan zamanin na mulkin gurguzu mai haƙar kwal da ke son zama lafiya da shugabanninsa ba ya zuwa coci. Uwata ba ta taɓa yafe masa ba. Har ta mutu tana cewa namijin da bai ɗauki amaryarsa ya hau da ita matakalar cocin tsibirin Bled ba, ita kuma ta kame bakinta har sama, to bai aure ta ba, aronta ya yi. Polde kan yi dariya ya ce baɗi. Baɗi ta zo da ciki, wata baɗin da ginin gida, wata da tarin da ƙurar rami ta bar masa. Haka muka yi ta baɗi-baɗi har furfura ta rufe mu.

Jagoran tafiyar wani saurayi ne mai suna Domen, da lema ruwan ɗorawa da yake ɗagawa sama ko babu ruwa. Yana ganin keken ya ɓata fuska.

"Mama, ba a gaya min akwai mai keke ba."

"To ga shi an gaya maka. Kama ƙafafunsa, ɗana, kada mu makara."

A Bohinj ba mu samu matsala ba. Ruwan ya kwanta luf, duwatsu da sauran ƙanƙara a kansu, Domen yana ta zuba a makirfo yana gaya mana zurfin tafkin kamar wani cikinmu zai nutse ya tabbatar. Mata suka yi ta ɗaukar hoto, maza suka laɓe bayan bas suna zagaya kwalbar barasa. Polde ko kallon ruwan bai yi ba, agogon hannuna yake ta ja yana dubawa.

Da muka sauka a Bled, Domen ya ɗaga lemarsa.

"Jama'a, masu ƙarfin ƙafa za mu shiga kwalekwale mu je tsibiri. Waɗanda hawa zai ba su wahala kuma, ga wurin zama can bakin ruwa, akwai kofi da kek ɗin Bled mai kirim, daga nan ma ana hango cocin sarai." Mu yake kallo yana wannan magana, har da murmushin lallashi.

"Kek ɗin nan ka ci rabonmu," na ce. "Mu tsibiri za mu."

"Mama, keke ba ya shiga kwalekwale."

"Wa ya ce keke zai je? Shi ba shi da alkawari da kowa, ya zauna ya sha kofin."

"Don Allah ki fahimce ni. In wani abu ya same shi, ni za a kama."

"In wani abu ya same shi, ni zan yi takaba, ba kai ba."

Fanika ta matso tana gyara gyalenta. "Haba Zalka, ki rufa wa bawan Allahn nan asiri mana. Mutumin da jibi-jibin nan za a kai shi..."

"Ke Fanika, naki mijin kin rufa masa asiri tun da daɗewa, har da ƙasa a kai. Bar ni da nawa."

Ban jira amsarta ba. Na juya baya na durƙusa gaban keken, Polde ya saƙalo wuyana da hannun dama, na kamo na hagun na haɗa su a ƙirjina, na miƙe. Jama'a suka zuba mana ido. Su abin mamaki suke gani, ni kuwa aikina ne na kullum. Su a zatonsu wa ke kai shi banɗaki safe da yamma? A ƙauyenmu na kan dutse da kwandon ciyawa a baya na girma, kuma Polde na yanzu bai kai nauyin jiƙaƙƙiyar ciyawa ba. Wannan ne abin da ke ci min rai, ba nauyin ba. Mutumin da a da in ya shigo ɗaki sai ya sunkuya.

Matuƙin kwalekwalen, wani dattijo mai faffaɗar kafaɗa, ya matso. Ya dafe jirgin da ƙafa har muka zauna, ya koma baya ya tsaya ya kama filafilansa biyu. Muna tsakiyar ruwa na hango Domen ya karkata yana magana ƙasa-ƙasa a waya, Fanika na karanto masa lamba daga tata. Na gane wa suke kira. Ko a jikina, ai Maribor da nisa.

Da muka isa tsibirin, ga matakalar nan daga bakin ruwa take farawa, fara fat, ta miƙe sama har ƙofar coci. A hoto ba ta kai haka tsawo ba, na rantse.

"Akwai wata hanya ta baya," in ji Domen, muryarsa ta yi sanyi. "Ba ta da tsauri, mu maza sai mu tallafe shi."

Polde ya girgiza kai, ya nuna matakalar da haɓa.

"Ka dai ji," na ce. Na cusa wa Fanika jakata a hannu. "Riƙe, ki yi wani amfani yau."

Na sake goya shi, muka fara hawa.

Farkon da sauƙi. Ina hawa ina mita, ina zagin wanda ya gina coci a kan tudu, ina zagin gwiwoyina, ina gaya wa Polde da ya cika alkawarinsa tun yana da ƙarfi da yanzu muna can muna cin kek kamar mutanen kirki. Ina jin dariyarsa a bayan wuyana, irin dariyar nan tasa ta yanzu mai fita ta gefen baki. Wajen tsakiya numfashi ya fara gagarata. Na jingina da bango na huta, gumi na shiga min ido. Wasu baƙi masu saukowa suka ɗaga wayoyi za su ɗauke mu, na watsa musu harara suka sauke. Mutanenmu na biye da mu a hankali, babu mai wuce mu. Domen ya naɗe lemarsa, ya buɗe hannuwa a bayana kamar mai tare kaza.

Na ci gaba. Mitar ta ƙare, don babu iskar yin ta. In ɗaga ƙafata ɗaya, in ja ɗayar, in huta. Sai da na ga dandamalin cocin a gabana, saura mataki ɗaya tak, Polde ya fara dukan kafaɗata.

"Sauke."

"Ka haukace? Ga shi mun iso."

"Sauke!"

Rabona da jin wannan tsawar tun kafin ciwon. Na juya na zaunar da shi a kan matakin, bayansa na kallon cocin. Ya numfasa, ya daki cinyarsa ta dama da tafin hannu.

"Ango," ya ce, yana nuna ƙirjinsa. "Ni."

Wayyo ni Zalka. Sai a lokacin na gane wautata. Na yi ta fama in kai shi sama, ban tsaya na tuna ba cewa ba kai shi yake so a yi ba.

"Polde, ƙashinka zai karye. Ni fa ba yarinyar nan ba ce da ka sani, na ninka..."

Ya ɗora yatsa a kan leɓena. "Shiru."

Na zauna a cinyarsa. Na saƙala hannu a wuyansa, na ɗaga ƙafafuna daga ƙasa don kada a ce na taimaka, na kame bakina.

Ya kafa tafin hannun dama a kan dandamalin da ke bayansa, ya toka ƙafar dama, ya yunƙura. Muka ɗaga kaɗan muka koma daɓas. Ya sake, hannun ya zame, gwiwar hannunsa ta daki dutse, na ga jini ya ɓullo ta hannun kwat ɗin. Ina jin zuciyarsa na bugawa a haƙarƙarina. Maganganu suka cika min baki: bari haka, ya isa, na yafe, uwata ta mutu ba ta gani. Na cije leɓe na haɗiye su duka.

Daidai nan wayar Domen ta yi ƙara. Ya amsa, ya buɗe muryar kowa na ji, ya miƙo min ita saitin fuska.

"Mama!" Nevenka ce, tana ihu. "Me nake ji haka? Kashe shi za ki yi? Kin yi min ƙarya, kin sace mara lafiya kin kai shi tsakiyar ruwa! Mama, da ke nake! Ki yi magana mana!"

Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa gaya min rabin wannan na ƙyale ba. Amsa tana nan a kan harshena, mai zafi, har guda uku. Hawaye suka zubo min don tsabar haushi, amma ban buɗe baki ba.

Abin mamaki, Fanika ce ta ture wayar gefe.

"Ke Nevenka, dakata. Amarya ba ta magana a kan matakala."

Wasu maza biyu suka sunkuyo za su kama shi ta hammata. Tsoho Vinko, wanda suka yi aikin rami tare da Polde, ya tare su da sandarsa.

"Duk wanda ya taɓa shi sai na fasa masa kai. Ɗaukarsa ce." Ya sunkuya saitin kunnen Polde. "Kai, ragon banza, katakon da muke ɗagawa a rami bai fi wannan matar nauyi ba? To, a tare. Ho-ruk!"

Sauran tsofaffin ramin suka amsa, irin kiran da suke yi in za su ɗaga abu mai nauyi. "Ho-ruk! Ho-ruk!" Har da matan, har da Domen. Polde ya ja iska, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya yi wani gurnani, ya tura. Na ji mun tashi, na ji mun tsaya a sama muna rawa, sai ga mu mun kife ta baya a kan dandamalin, ni a kansa, takalmina ɗaya ya gangara ƙasa.

Ihu ya kaure. Ni dai ina kwance ina lalubar ƙirjinsa in ji ko yana numfashi. Yana yi, da ƙyar, idonsa a rufe, bakin nan a karkace yana murmushi.

"To," ya ce. "Yi magana."

Na miƙa hannu Domen ya sa min wayar.

"Nevenka, kin gama? To saurara. Yanzun nan babanki ya aure ni, gaban shaidu cike da bas. Ran Litinin ki zo ki ci abinci in kina so, amma gadon can na gidan tsofaffi ki ce su ba wani."

"Mama, ki yi hankali da abin da kike faɗa. In wata rana kuka faɗi ku biyu fa?"

"Yanzu haka a ƙasa muke mu biyun, kuma babu wanda ya mutu. In tsoro kike ji, ki samo mai zuwa taya ni da safe, ba zan kore ta ba. Amma daga gidansa ba inda za shi."

Na ji tana jan hanci. Can ta ce, a hankali, "Ba ni Baba."

Sai da ta faɗa na tuna, duk watannin nan da muke ta ja-in-ja a kansa, a gabansa, daga ni har ita babu wadda ta taɓa juyawa ta tambaye shi. Na kara masa wayar a kunne.

"Baba, kai me kake so?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Jama'a na jira, ni ma na jira, ban taya shi ba.

"Gida," in ji Polde. "Wurin matata."