Tukunyar Waken Niña Tencha

"Mayar da farantin nan, Niña Chayo," in ji Wílmer, ya tokare ƙofa da hannu. "Likita ya hana ta mai da gishiri."

Soyayyen wake ne da agada da ɗan cuku, da tortiya, wainar masararmu, mai zafi a naɗe cikin tsumma. Da shi uwarsa, maƙwabciyata Niña Tencha, take karya kumallo tun kafin a haife shi.

"Likitan ya ce za ta tashi?" na tambaye shi.

Ya ƙara tokare ƙofar.

"To, me gishirin zai ƙara mata? Kai, Wílmer, ni fa na share maka majina a layin nan!"

Muryarta ta fito daga ɗaki, 'yar siririya. "Chayo ce? Na ji ƙamshi. A tafasa min tukunyata, kar ta yi tsami."

"Kwanta, Mama," ya ce, ya turo ƙofar a fuskata.

Yaron nan ya yi shekaru a Amurka, sai dai a ga hotonsa. Yanzu ya dawo da kwalayen wani abu kamar dusa, yana ɗura wa tsohuwa da madara mai sanyi. Matar da kullum, kafin mai burodi ya matsa hon ɗin kekensa, ta dawo daga injin niƙa, ta ɗora tukunyar wakenta a wuta! Ko yaro ya san in wake bai sha tafasar safe ba, ya lalace. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Na ƙudura gobe ko ta katanga ce sai na shiga. Da safe ina cikin juya agada na ji kuka ya ɓarke a gidan.

A zaman makoki an yi tamal, ƙullin masarar da ake dafawa a ganye, har na banza, kofi kamar ruwa. Wílmer ya miƙo mini faranti, idonsa jawur.

"Ci mana, Niña Chayo. Mama tana son ta ga kowa ya ƙoshi."

"Ita fa?" na ce. "Ta ƙoshi?"

Ban karɓa ba, na wuce madafarta. Tukunyar ƙasar tana nan kan murhu mai sanyi. Ina ɗaga murfi tsami ya buge ni, farin kumfa ya rufe waken. Na zubar, na wanke ta tas, na kife ta a rana kusa da dutsen wanki.

Tun da muke da Niña Tencha, ban taɓa ganin tukunyar nan a kife ba.