Akori-Kurar Baba Ta Yi Shiru

Shekara uku da wata biyu na yi ina gyaran akori-kurar Baba. Ni ba bakanike ba ne, magani nake bayarwa a wani ƙaramin asibiti, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi: wani ƙwallo, wani tattabaru, ni kuwa tsohuwar mota. Tun da Baba ya rasu take zaune a bayan gidanmu a kan bulo huɗu, kaji na zuba ƙwai a ƙarƙashin sitiyari. Na sa aka jawo ta zuwa rumfar gidana, na warware ta har noti na ƙarshe, na jera kayan cikinta a kan tsofaffin jaridu.

Duk Asabar ina can. Na kankare tsatsa har farcena ya daina fitowa daidai. Na jiƙa kabireta a bahon wankin matata, abin da har yau ba a gama shari'arsa ba. Launin asali ma sai da na ɗaga kujera na samo shi, a wani lungu da rana ba ta taɓa gani ba, shuɗi mai duhu. Jikin motar kuwa Guduma ne ya yi, wani ƙaton mai gyaran bodi da ke magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron tayar da jariri. Ƙofar fasinja kaɗai ta ci masa Asabar takwas.

Ranar da na gama, na wanke ta, na tafi gida in nuna wa Inna. Shekara biyar ke nan idonta ya tafi, don haka ƙanwata Auta ce ta riƙo ta zuwa bakin ƙofa. Ina tsaye ina washe baki, ina jiran albarka.

Inna ta lalubi mariƙin ƙofa, ta ja da yatsa biyu, ƙofa ta buɗe salin-alin. Sai na ga ta ɗan dakata. Ta shiga ta zauna, ta gyara zama, ta sake gyarawa. Na murɗa makulli.

Ta ce, "To, tayar mana."

"Ai ta tashi, Inna."

Ta karkata kunne. Injin na aiki sumul, ko sauro ya fi shi ƙara. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Wa ka sayar wa?"

"Me fa?"

"Motar ubanka. Ido ne ba ni da shi, ba kunne ba. Shekara talatin tun daga kwanar mai faci nake jin zuwanta, in tashi in ɗora ruwa. Wannan kuwa ko cikin ɗaki ta shigo sai dai a ce ɓarawo ne."

Na rantse, na maya. Na ɗauko takardu na ba Auta ta karanta mata lambar injin. Inna ta ce, "Ke ma ya haɗa baki da ke." Ta sauka da kanta, ta ce kar in sake taka mata ɗaki sai da motar mijinta a ƙofar gida.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ina. Mako uku ina zuwa gaisuwa ta taga. In ce, "Inna, ina kwana?" sai ta juya wajen Auta ta ce, "Ki ce masa lafiya lau." Ni da nake auna mata hawan jini tun kafin idon ya tafi, yanzu maƙwabciya ake kira. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Uwata ta yarda na sayar da abin da ya rage mata na Baba, kuma ba ni da hanyar nuna mata gaskiya.

Auta ce ta zo mini da takarda rannan, tana danne dariya. Ta ce ta lallaɓa Inna ta faɗi yadda motar take, ita kuma ta rubuta. Na karanta. Ƙofar fasinja ba ta buɗuwa sai an doke ta da gwiwa. Akwai ƙarfe a kujera mai tsikarar ƙugun hagu. Salansa na tari. Akwai kuma wani abu a bayan agogon gudu da ke kaɗawa in an shiga rami.

Na ce, "Wannan ai jerin abubuwan da na yi shekara uku ina cirewa ne."

Ta ce, "To, Yaya, mayar da su."

Na fara da kujera. Na farke ɗinkin da na yi da hannuna, na zaƙulo ƙarfe ɗaya, na yi ta zama a kai ina tashi har ya soke ni a inda ya dace. Na huda salansa da ƙusa. Bayan agogo na gwada noti, na gwada cokali, na gwada marfin kwalba, ina zagaye unguwa ina neman rami da gangan. Mutanen layinmu suka fara gaishe ni a hankali.

Sai ƙofa. Na kai wa Guduma na ce ya lotsa ta. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya shafa ta da tafin hannu.

Ya ce, "Likita, gara ka ce in mari ɗana."

Na yi masa bayani. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi tagumi, ya ce tun da ya fara sana'a ba a taɓa kawo masa lafiyayye a ce ya sa masa ciwo ba. Daga ƙarshe ya miƙe, ya ɗaga gudumarsa, ya kawar da kai, ya sake ta. Da muka gwada, ƙofa ta ƙi buɗuwa har sai da na ba ta gwiwa. Ya ce in tafi, kar kuma in faɗa wa kowa aikinsa ne.

Na koma gida da la'asar. Auta ta fito da Inna. Inna ta ja mariƙi, shiru. Ta ɗaga zane kaɗan ta kai wa ƙofar gwiwa, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, ƙofa ta buɗe. Ta zauna, ƙarfe ya yi aikinsa, ta ce, "Wash." Murna ta kama ni. Auta ta haye baya, na ja mota muka zagaya.

Inna ta saurara har muka wuce gidan mai. Ta ce abin da ke kaɗawa ya yi kauri. Tarin kuma na ƙarya ne, irin na yaron da ba ya son zuwa makaranta.

"Ka yi ƙoƙari," in ji ta, "ka koya wa baƙuwa halin 'yar gida. Amma ba ita ba ce. Mai da ni."

Na juya kan mota. Muna isa tsakiyar mararraba, wurin da hanya huɗu ta haɗu, motar ta yi tari na gaske, ta yi shaƙuwa, ta mutu. A garin neman wurin saka marfin kwalba ashe na sassauta wata waya. Na murɗa makulli, ko uffan. Na sake. Masu motoci suka taso mana da oda ta ko'ina, wani mai babur ya leƙo yana tambaya ko gidan tarihi za mu kai ta. Auta ta sauka tana turawa ita kaɗai.

Nan fa raina ya gama ɓaci. Na manta da wadda ke gefena. Na kai wa sitiyari duka na ce, "Ke dai an yi tsohuwar banza. Butulu, mai bakin tsatsa. Me na rage ki da shi? Ni za ki tozarta a tsakiyar titi? Wallahi yau sai na kai ki wurin masu gwangwan su yi tukwane da ke, in ga ta tsiya."

Sai na ji hannu a damtsena. Na tuna Inna, kunya ta rufe ni, na fara neman kalmar ban haƙuri.

Ta ce, "Sake faɗa."

"Inna, ki yi haƙuri, raina ne ya..."

"Na ce ka sake faɗa. Wurin tukwanen nan."

Na juya na dube ta. Fuskarta na kallon gilashi, hawaye na bin kumatunta, bakinta kuma na dariya. Ta ce kullum haka Baba yake ce wa motar, da wannan muryar, har da dukan sitiyarin, kuma bai taɓa kai ta ko'ina ba. Ta ce shekara tara rabon da ta ji shi.

Ni ban taɓa sanin muryarsa nake ɗauke da ita ba, kuma a wannan lokacin na yi kewarsa fiye da ranar da muka binne shi.

Can bayan mota Auta na buga bodi tana cewa, "Yaya, ka fito mana, ni kaɗai zan mutu?"

Na kama mariƙi zan fita. Inna ta ƙara riƙe ni.

Ta ce, "Bar ta ta tura. Kai dai ci gaba da zaginta."