Kukan da Ake Jira

Tun da na sa ƙafa a zauren taron nan bakina bai rufu ba. Mutanen da na saba ganin sunayensu a bangon littattafanmu, ga su nan suna yawo da kofin shayi kamar kowa. Har Farfesa na gani, wadda littafinta kan jarirai ya gasa mana aya a hannu a shekarar farko. Na ɗauka doguwa ce. Ashe 'yar guntuwar tsohuwa ce, jakarta ta kusa fin ta girma.

Ni ɗaliba ce a fannin lafiyar uwa da jariri. Malamarmu ce ta samo mini 'yan mintoci in gabatar da bincikena kan jariran da ake haifa ba su yi kuka ba. Ta ce in na yi wasa da wannan dama ba za ta dawo ba. Matsalar ita ce ina da goyo, 'yar mitsitsiya mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Shi ya sa na roƙi Yaya ta biyo ni ta riƙe ta a baranda.

"Ko me za ta yi kada ki shigo da ita, Yaya. Manya ne a ciki."

"Su manyan daga sama suka faɗo?"

"Ni dai don Allah."

Aka kira ni, na hau dandamali na fara bayani. Ban yi nisa ba na jiyo kukan yarinyar. Ƙofa ta buɗe, sai ga Yaya tana jijjiga ta, tana ɗaga mini kwalbar nonon da na tatsa, wai ta ƙi karɓa. Nono ya kawo, gaban rigata ya fara jiƙa. Duk abin da na haddace ya gudu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ɗago kai in ba da haƙuri.

Babu wanda ya haɗe rai. Ungozomomin da ke tsaye a baya jikinsu na rausayawa hagu da dama, hannunsu babu komai, suna jijjiga yarinyar da ba a hannunsu take ba. Wani likita mai furfura ya lumshe ido yana murmushi. Ɗaruruwan mutane, kowa ya karkata kunne wajen ƙofa. Ban taɓa ganin irin wannan ba.

Farfesa ta miƙe daga sahun gaba ta karɓi yarinyar daga hannun Yaya. Kafin ta fara rarrashi, yatsunta sun riga sun shafa maɗigar, sun buɗe tafin hannun sun duba. Na tabbata ba ta ma san ta yi ba.

"Ƙalau take, yunwa ce," in ji ta. "Sauko ki ba ta, 'yata. A miƙo mata makirufo nan."

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri da hayaniyar."

Ta kalli allon da ke ɗauke da taken bincikena, sannan ta kalle ni.

"Ke ce za ki kira wannan hayaniya? Babu wanda ke ɗakin nan da bai taɓa tsayawa da jariri shiru a hannunsa ba, yana murza bayansa, yana roƙon Allah ya ji abin da muke ji yanzu."

A zaune na ci gaba, kusa da Farfesa, yarinyar a ƙarƙashin mayafina. Yaya kuwa ta sami kujera ta harɗe, tana aiko mini da kallon ai na gaya miki.

Da na zo kan jariran da aka yi duk abin da za a yi amma ba su yi kukan ba, sai yarinyar ta saki nono ta sake tsala ihu. Babu wanda ya duba agogo. Na yi shiru, muka saurara gaba ɗaya har ta gama.