Rumfar da Safiyanu Ya Kafa wa Barira

Da likita ya ce wa Safiyanu hayaƙi ne ke cin ƙirjin matarsa, bai tsaya tambayar wane iri ba. Shekararsa ashirin da biyar yana walda a bakin babbar hanyar Gaya, cikin motoci ya yi furfura, to wa zai koya masa hayaƙi? Ya naɗe takardar magani ya cusa a aljihu, ya ce wa Barira ta tashi su tafi, ya riga ya san mai laifin.

Barira dai lemo da rake da ruwan zoɓo take sayarwa a inda manyan kamiyo, motocin ɗaukar kaya, ke jeruwa kafin su haye gada zuwa Malanbil a tsallaken iyaka. Direbobin nan kuwa ba sa kashe inji. Sai ka ga mutum ya shimfiɗa tabarma a gindin motarsa yana dafa shayi, inji na ta gurnani yana aman baƙin hayaƙin gazuwal, man manyan motoci, wai in an kashe ba lalle ta tashi ba. Da yamma in Barira ta share hanci da gefen zane, baƙi take gani. Tari ya kama ta tun damina ya ƙi saki, har ta kai in ta ɗauko tire daga gida sai ta tsaya sau biyu a hanya ta huta.

Safiyanu yana da nasa ilimin hayaƙi, kuma kyauta yake raba shi ga duk wanda ya zauna a bencinsa. Na gazuwal baƙi ne wuluk, shi ne babban mugu. Na baburan 'yan kabu-kabu shuɗi-shuɗi ne, yana biye masa. Na ƙananan motoci masu shan esansi, wato fetur, kuwa, waɗanda ake korowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ko ganinsa ba a yi, don haka a wurinsa wannan ba hayaƙi ba ne, iska ce mai ɗumi. Ba wanda ya taɓa musa masa, don duk garin haka aka ɗauka.

Ya fara zuwa wajen direbobin ya yi musu tatas. Suka saurare shi da ladabi, suka miƙa masa shayi, ba wanda ya taɓa makulli. Ya dawo yana huci, ya yi rantsuwa matarsa ta bar wurin nan har abada.

Kwana huɗu ya yi yana kafa mata rumfa a cikin filin garejinsa, can kusurwar baya inda katanga biyu suka haɗu. Da hannunsa ya yanka ƙarafan, ya ɗora kwano, ya kuma toshe ɓangaren titi da wani kwanon don kada ko ɗigon baƙin hayaƙi ya leƙo. Har teburi ya ƙera mata mai wurin rataya rake, ya shafa masa koren fenti. Ranar da ya kawo ta, ta daɗe tsaye tana shafa teburin nan. Shi kuwa ranan nan ko sarkin gari bai kai shi jin kai ba.

Aikin Safiyanu ba ɓoyayye ba ne. Kowace mota da ta fito daga ƙasar Turawa tana zuwa da wani kumburin gwangwani a tsakiyar bututun hayaƙinta, a cikinsa akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Masu motoci sun yarda abin nan shaƙe mota yake yi, yana rage mata ƙarfi a kan hanyar Dosso. Sai a kawo wa Safiyanu ya yanke, ya fasa saƙar ya zazzage, ya liƙe bututun. Masu garaje kaciya suke ce wa aikin, suna dariya. In ya gama sai ya ta da inji ya yi ta taka wuta na ɗan lokaci, yana bi da tafin hannu ya ji ko waldar na yoyo. Ramin da yake shiga ƙarƙashin mota yana gab da kusurwar nan, kuma da baya ake shigo da motocin, gindinsu na kallon rumfar.

Barira ta koma sayar wa masu jiran gyara. Hancinta ya daina baƙi, Safiyanu ya yi ta nuna wa mutane wannan a matsayin hujja. Amma tarin bai tafi ba. Sai ma ta ƙara da wani yawan gyangyaɗi da rana tsaka, tana ɗaure kai da ɗankwali tamau. In ya tambaya sai ta ce zafi ne. Ya ce ai dattin shekara goma ba ya fita a wata biyu, ta ƙara haƙuri.

Akwai wani Rashidu, ɗan kasuwa mai yawo tsakanin Gaya da Kwatano, wanda ke zuwa duk mako da buhu yana kwashe saƙar da aka zazzage. Wata Talata da hantsi ya zo ya tarar Safiyanu ya gama da wata farar mota, ya bar injinta na aiki. Suna tsaye a bakin ƙofa, Safiyanu ya yi masa tambayar da bai taɓa yi ba cikin shekara shida, ya ce shin wai me ake yi da wannan tarkace?

Rashidu ya yi dariya ya ce jirgin ruwa ake sa wa a mayar wa Turawa masu ita. Akwai wani ƙarfe mai daraja a ciki, da shi suke ƙera sabuwa su sa a motocinsu, don a can duk motar da ba ta da ita ba ta hawa titi. Ya ce wani Bature mai saye ne ya yi masa bayani: gazuwal yana da toka mai shiga huhu, wannan kowa na gani, amma esansi yana da tasa gubar wadda ba launi ba wari, kuma saƙar nan ita ke ƙone ta kafin ta fito.

"Su sayar mana da tsohuwar motar, su saye abin da ke tace ta, Malam Safiyanu," in ji shi yana ɗaure bakin buhu. "Mu a bar mu da iskar. Ai shi ya sa ba a son ta da irin wannan a wurin da iska ba ta ratsawa."

Safiyanu ya juya a hankali. Farar motar na nan tana aiki shiru, bututunta fes, ba abin da ke fita da ido zai gani. Bayanta Barira ta kifa kai a kan koren teburin, wuƙar fere rake ta faɗi ƙasa. Ya kira ta sau biyu, ba ta ɗago ba.

A asibiti aka sa mata abin shaƙar iska, bayan la'asar ta buɗe ido. Likita ya yi wa Safiyanu tambayoyi game da inda take wuni, yana amsawa kansa a ƙasa, kowace amsa tana fita da ƙyar. A ƙarshe likitan ya ce ta tsira yau, amma ƙirjin da ya riga ya raunana an ƙara masa abin da ba zai warware duka ba. Ba kamiyo ba, ba ƙaramar mota ba, ta bar bakin titi gaba ɗaya. In tana da dangi a ƙauye, ta koma can. Wanta yana ƙauyen Yelu, don haka maganar ta yanke tun kafin a yi shawara.

Da likita ya fita, Safiyanu ya zauna a gefen gadon. Baƙin ciki ya cika shi har ya rasa wanda zai zaga, Turawa ko Rashidu ko kansa. Ya ce mata wallahi bai sani ba.

"Na san ba ka sani ba, Malam," ta ce, muryarta a dushe. "Ni ce na sani. Tun makon farko kaina ke sarawa in ka ta da mota. In na koma gida sai ciwon ya sake ni."

Ya dube ta. Ya ce to don me ba ta faɗa ba, wata biyu cur, yana tambayarta tana ce masa zafi ne?

Ta ɗan yi tari, ta jira numfashinta ya dawo.

"Da na faɗa, da ka rushe rumfar," ta ce. "Shekara ashirin da biyu muna tare, kana yi wa motocin mutane aiki. Ita ce abu na farko da ka taɓa ƙera mini."