Farantan Yis na Anti Huraira

Ranar Talata Anti Huraira, maƙwabciyarmu mai karatu a jami'a, ta shigo gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi riƙe da kula. Kwana uku babu wuta a ɗakin bincikensu, mu kuma muna da firji mai sola da nake sanyaya zoɓon sayarwa a ciki.

"Ummi, ajiye min waɗannan zuwa Juma'a. Yis ne a ciki."

Ƙananan farantan gilashi ne masu murfi, guda goma sha biyu, kowanne da ɗigo-ɗigo fari. Ta ce a cikin ƙwayar yis akwai wasu guntayen ƙwayoyin halitta da ke kwafar kansu, su koma wani wuri su zauna, har su maimaitu da yawa. Wata bakwai tana rainon waɗannan don ta gano inda guntayen ke komawa, kuma da su za ta gama digirinta. Na gyaɗa kai. Ban faɗa wa Inna, mahaifiyata, ba, na ɗauka ba mai taɓawa.

Ran Juma'a da safe na kai zoɓo Tarauni. Inna ta buɗe firji, ta ga farantai kamar sun yi funfuna, ta gane daga kular da ke gefe cewa na maƙwabta ne. A gidanmu ba a mayar da kwanon mutum da datti, ba a kuma mayar da shi wayam. Ta kankare su da soso da sabulu, ta jera a kular, ta ɗora alkaki a kai.

Dawowata ke nan Anti Huraira ta zo ta buɗe kular.

"Inna! Me kika yi min?"

"Wanke miki na yi, 'yar nan. Wannan ƙazantar kusa da abin sha?"

"Ƙazanta? Wata bakwai fa! Wa ya sa ki?"

"Ni kike ɗaga wa murya a tsakar gidana? A kan yis ɗin da ke kowane kanti? Ummi, je ki sayo mata."

"Ba irinsa ba ne! Babu shi a ko'ina!"

Ta juyo kaina, idanunta jawur.

"Ke kuma bakinki ciwo yake yi? Kalma ɗaya ta gagare ki faɗa wa Inna?"

Raina ya ɓaci, don ita ma ba ta ce kada a buɗe ba.

A zaure ta tsaya ta kira malaminta a waya. Ina jin ta tana cewa sai ta sake daga farko, ba za ta fita tare da 'yan ajinsu bana ba. Har yau idan na gaishe ta a layi, ba ta amsawa.