Tumatirin Bayan Kicin

Tun da Baba ya dawo daga asibiti aka ajiye masa kujera a gindin tagar ɗakin baya, nan kuma ya kafe. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun hagu, ta bar masa ƙafar da sai an ja ta. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa bas daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan, yanzu duk tafiyarsa daga gado ce zuwa kujera, ita ma sai Umma ta tallafe shi.

Matar da ke zuwa yi masa gashin ƙashi ba ta ɓoye komai ba. Tana naɗe tawul ta ce, "Baba, in ba ka fara takawa ba kafin zafi ya kankama, ƙafar nan za ta sandare, ni kuma ba abin da zan iya. Ko bakin ƙofar kicin ne ka daure ka je."

"Ƙofa ba guduwa za ta yi ba," in ji Baba. Maganarsa ta yi nauyi kamar mai tauna tsumma.

Kowa a gidan ya san ba zafin ciwo ne ya hana shi ba. Kunya ce. Ba ya son mutanen saman bene su leƙo su ga direba yana jan ƙafa.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage a gida. Yarinya ce da ko hanya aka tambaye ta sai harshenta ya sarƙe, amma ba littafin da ke ba ta tsoro. Wata rana da ta kawo wa Baba shayi ta tsaya a bayansa, ta kalli abin da yake kallo tun safe: 'yar ƙasa tsakanin kicin da katanga, tsohuwar taya, igiyar shanya, fasasshen bokiti. Ta ce a ranta, wa zai tashi saboda wannan?

Sanyi ya ja baya, bazara ta shigo. Auta ta aro littafin lambu a laburare, mai hotuna masu sheƙi. Ta koma bin doguwar hanya in an tashi makaranta, tana leƙen barandar mutane. Wani ya shuka albasa a gwangwanin fenti. A gaban kantin magani akwai jajayen furanni cikin tukwane. Wata tsohuwa ta ɗora wake a kan wayar shinge har ya rufe ta. In mai gida ya juyo, sai Auta ta duƙa kamar takalminta ne ya kwance. Daga ƙarshe ta tsayar da shawara a kan tumatir, don Baba a da yakan yanka shi ɗanye ya barbaɗa gishiri ya ci a tsaye kafin ya fita aiki.

"Lambu?" in ji Umma, ta dawo daga otel ɗin da take wankin zannuwan gado, ta tsoma kumburarrun ƙafafunta a ruwan ɗumi. "Ke da ko ruwa za ki tafasa sai kin duba shafi na nawa?"

"Umma, an rubuta komai a ciki."

"An rubuta wanda zai ɗebo ruwan? Ni dai kar ki sa ni a ciki, 'yar nan. Ji nake kamar an daka ni a turmi."

Auta ta kafta ƙasar da tsohon cokalin miya da wuƙar da ta dakushe, har tafin hannunta ya yi bororo. Ta zuba irin a layi, ta rufe, ta riƙa ba shi ruwan ɗaurayar kwanuka safe da yamma. Da tsiro ya fito sai ta durƙusa da littafin a cinya. A hoton, ganyen tumatir mai tsaga-tsaga ne. Waɗannan kuwa ganye bibbiyu ne sirara, sumul, ba tsaga ko ɗaya. Littafin ya yi gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa a cire ciyawa tun tana ƙarama. Auta ta bi layin ta tsige su tas. A jikin katanga ta ga wani tsiro guda mai tsagaggen ganye, ta yi ajiyar zuciya. Ɗaya ma ai arziki ne.

Ta kafa masa sanda, ta ɗaure shi da zaren buhu. Ya kai gwiwarta, ya kai ƙugunta. Jarrabawa ta zo ta wuce. Umma ta ƙara aikin safe a kan na yamma. Mai gashin ƙashi ta daina roƙon Baba, sai dai ta matsa ƙafar ta girgiza kai ta tafi. Zafi ya fara shigowa ɗakin baya tun hantsi, Baba na nan a kujerarsa, bai taɓa cewa uffan a kan shukar ba. Auta ta gaji da ɗaukar ruwa, ta gaji da duba ganye tana neman rawayen furen da aka yi mata alkawari, amma ba ta san yadda ake daina abu ba.

Ranar hutun Umma, Auta na shirin mayar da littafin laburare, ta buɗe shafukan ƙarshe da ba ta taɓa kaiwa ba don ba su da launi. Can ta ga wani ƙaramin zane: tsiron tumatir sabon fitowa, ganye biyu sirara, sumul. A ƙasa an rubuta cewa ganyen farko ba ya kama da na baya, a yi haƙuri.

Ta daɗe a zaune. Sannan ta shiga kicin ta miƙa wa Umma shafin.

Umma ta kalli zanen, ta leƙa waje, ta sake kallon zanen. "Wato tumatirin kika tsige?"

"Eh."

"Wancan ƙaton fa da muke wa hidima kamar baƙon nesa?"

"Ciyawa ce."

Umma ta fara dariya, dariyar ta ƙi ƙarasawa, ta koma ta dafe goshi. "Kai, Auta. Duk ruwan nan."

Auta ta fita. Rana ta doke ta a ƙeya. Ta tsinke zaren buhun, ta kama gindin shukar da hannu biyu.

Aka buga gilashin taga. Baba ne, ya tura tagar da hannunsa mai lafiya.

"Ke. Me za ki yi?"

"Cirewa zan yi, Baba. Ba tumatir ba ne."

"Na sani."

Ta ɗago. "Ka sani?"

"Ban san sunanta ba. Na dai ga ba ta da niyyar haihuwa." Ya tsaya ya tattaro numfashi. "Bar min abata. Jiya ta wuce tsagar katangar can. Jira nake in ga ko za ta leƙa gidan maƙwabta."

Da a ce wata rana ce, da Auta ta ce to, ta shige ɗaki ta yi kukanta. Amma gajiyar ta kai mata wuya, har ta manta da tsoro.

"Ni na ba ta ruwa, ni zan cire ta," ta ce. "In kana so, ka zo ka hana ni."

"Auta!" in ji Umma daga kicin. "Ubanki kike faɗa wa haka?"

Tagar ta zama wayam. Aka ji kujera ta goga ƙasa, aka ji wani abu ya faɗi, kofi ne ko kwalbar magani. Umma ta ruga, Auta ta jiyo Baba na cewa, "Sake ni. Miƙo sandar kawai."

Ya ɗauki lokaci. Auta na tsaye riƙe da ciyawa, hannunta ya yi tsami, ba ta ja ba, ba ta kuma saki ba. Tana jin ƙwas ɗin sanda, sai jan ƙafa, sai shiru, sai ƙwas kuma. Ya bayyana a ƙofar kicin, rigarsa ta jiƙe sharkaf. A saman bene wata mata na shanya, ta tsaya da zane a hannu tana kallo. Baba ya gan ta. Ya tsaya har Auta ta ɗauka juyawa zai yi.

"Sannu da aiki," ya ce wa matar, ba tare da ya sake ɗaga kai ba, sannan ya sauko da ƙafar daga dandamali, ya jawo ɗayar.

Da ya iso bai ko kalli ciyawar ba. Ya zube a kan tayar yana haki, Umma na bayansa da hannuwa a buɗe kamar mai tarar jariri.

"Marar kunya," ya ce. "Sake ta."

Auta ta saki. Yatsunta sun yi kore.

Su uku suna nan a cikin rana. Can Umma ta share wuya da gefen mayafi, ta auna nisan ƙofar da ido.

"To, ga mu mun fito," ta ce. "Saura komawa."

"Bari in huta tukuna," in ji Baba.