Taliyar Mutanen Tudu

Shekara da shekaru Aling Petring ke riƙe da kujerar mata a hukumar ruwan garin Balintawog, kuma don tsoron bakinta ne kaɗai famfunan unguwar Tugatog, can kan tudu, suke tunawa da aikinsu. In ta yi masifa a taro a sako musu ruwa, in mura ta kwantar da ita unguwa ta koma ɗaukar bokiti. Bana kuwa masifar ma ta daina ci, tun kafin damina famfo bai ɗiga ba.

Hukumar ba ta zama sai da abin taɓawa, kuma tunda kujerar mata ce, wa zai zo da tukunya in ba ita ba? Ranar wani zama ta kawo pansit, taliyar shinkafa da kabeji da jatan lande. Ciyaman, Lauya Macaraeg, ya share faranti biyu, ya sa aka ƙulle masa na yara, sannan ya goge baki ya gyara murya.

"Kumare, kin san yadda nake ji da ke," in ji shi, don tun da ta riƙe autarsa ranar baftisma suke kiran juna Kumare da Kumpare. "Majalisa ce ta gyara doka. Yanzu ba mai zama a hukumar nan sai wanda yake amfani da ruwanta. Ke kuwa mitar ruwanki ko motsi ba ta yi."

"Da me za ta motsa, Kumpare? Da iska?"

"Doka ba ta tambayi dalili ba."

"To a nemo wani daga Tugatog."

"Ai duk mitocinku a tsaye suke."

Ka ji adalci. An hana su ruwa, sannan an kore su don ba sa sha. Ta dubi sauran mambobin, kowa ya duƙufa yana tsince jatan lande a farantinsa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta san da zarar ta fita ɗakin nan ba mai sake ambaton tudu.

Ta miƙe tana haɗa faranti a hankali.

"Gaskiya ne, ba ma amfani da ruwanku. Taliyar ta yi daɗi dai?"

"Hannunki ai ba na biyunsa, Kumare."

"Madalla. Da ruwan rafin nan na dafa, wanda ke bi ta bayan gidan aladunka. Da shi na wanke kabejin ma."

Ma'aji ya ajiye cokali. Lauya ya sa ɗan yatsa ya ture ƙullin yaran zuwa bakin tebur.

Ta ɗauka, ta mayar masa gabansa, har da gyara ɗaurin.

"Haba Kumpare, kai wa 'yata ta ci. Jikokina kullum shi suke sha."